Tunda an rufe Skype, da me kuke kiran gida yanzu?

Abban Sadiq:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya, ya iyali ya ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda ke zaune a waje ko suke da 'yan'uwa a waje. Kun san dai tun ranar 5 ga Mayun 2025 aka rufe Skype gaba ɗaya, ni kuma gaskiya da shi na dogara tun ina ɗalibi har na yi aure na tara iyali a nan Ingila. Ba kiran bidiyo ne damuwata ba, wannan kam WhatsApp yana yi min. Damuwata Hajiyarmu ce. Tana ƙauye can gefen Ringim, wayarta 'yar ƙarama ce mai madannai irin mai tocilan nan, ba ta yi boko ba kuma idon ma ya fara rauni, abin da ta sani kawai in waya ta yi ƙara ta danna kore ta kara a kunne. Da Skype nake zuba kuɗi in kira layinta kai tsaye, mu yi hira son ranmu ta ba ni labarin gona da wanda ya haihu da wanda ya rasu ta sa wa jikokinta albarka ɗaya bayan ɗaya, kuma kuɗin bai taɓa yi min nauyi ba.

Yanzu sai dai in jira ƙanina ya dawo daga makaranta a Dutse in kira shi ta WhatsApp ya miƙa mata, shi kuma ba kullum yake gari ba, ga sabis ɗin data a garin namu sai mutum ya fita bakin titi sannan yake kamawa, ai ba za a ce tsohuwa ta fito bakin titi don amsa waya ba. In kuma na kira da layina na nan kai tsaye abin da ake cira ba na wasa ba ne.

Sai na biyu, yarana malaminsu na Alƙur'ani yana Zariya kuma da Skype suke karatu Asabar da Lahadi a laftof. Mun koma WhatsApp na wucin gadi amma ba na son su riƙe wayata saƙonni suna shigowa suna gani, hankalinsu ma rabuwa yake. To me kuke amfani da shi ku? Wanda ya gwada da kansa nake so ya faɗa min dan Allah. Na gode.

Ɗan Fagge:

Wa alaikumus salam Abban Sadiq, Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana. Abin da ya sa mutane da yawa suka rikice shi ne Skype aiki biyu yake yi a cikin manhaja ɗaya kuma ba kowa ya lura ba sai da ya tafi. Akwai kira daga manhaja zuwa manhaja, wannan kyauta ne kuma masu yinsa sun cika gari. Sai kuma kira daga intanet zuwa layin waya na gama-gari, wanda shi ne naka, shi kuwa dole a biya domin kamfanin layin da ke Najeriya sai an biya shi kafin ya bari kiran ya shiga wayar Hajiya.

Microsoft masu Skype ɗin sun ce a koma manhajarsu ta Teams na kyauta, in ka shiga da sunanka da kalmar sirrinka ta Skype za ka tarar da mutanenka da tsofaffin hirarrakinka sun biyo ka, wannan gaskiya ne. Amma Teams na kyauta ba ya sayar da katin kiran layi, saboda haka ba zai warware maka maganar Hajiya ba. Tun Disamban 2024 ma suka daina sayar da sabon kati a Skype. Abin da ya rage kawai in kana da ragowar kuɗi a ciki, akwai wajen danna lamba da suka bari a shafin Skype na intanet da kuma cikin Teams ɗin, ka shiga ka cinye abinka kar ka bar musu.

Waɗanda ke yin irin wannan aikin yanzu akwai Rebtel, akwai Viber Out, Talk360, Yolla, Boss Revolution, da wasu. Ba zan ce maka ga farashin kowanne ba domin canzawa yake, ka buɗe ka duba na Najeriya da idonka a ranar da za ka saya. Amma ga abin da nake so ka duba kafin ka sa katinka na banki, domin a nan ake cin mutane ba a farashin da suka rubuta da manyan baƙi ba. Wasu suna cire kuɗin haɗa kira duk lokacin da aka ɗaga ko da sakan biyar aka yi, ka ga a ƙauye inda sabis ke yankewa ka sake kira ka sake kira, kowanne sai an cire. Wasu in ka yi minti ɗaya da sakan biyu minti biyu za su lissafa maka. Wasu kuɗinka yana mutuwa in ka daɗe ba ka kira ba. Wasu kuma rajistar wata-wata ce mai sabunta kanta, in ba ka kashe ba za su yi ta ja kana barci.

Sannan maganar lambar da za ta fito a wayar Hajiya, wannan yana da muhimmanci sosai a wajenka. Ka zaɓi wanda zai nuna lambarka ta Ingila ko yaushe, sai ƙaninka ya ajiye mata ita da wani sauti na daban wanda da ta ji ta san kai ne. Na taɓa amfani da wani mai arha sosai ba zan kama suna ba, duk kiran da na yi da baƙuwar lambar Najeriya yake shiga, yau wannan gobe waccan, har mahaifina ya daina ɗagawa yana zaton 'yan damfara ne, kuma yana da gaskiya a wannan zamanin. Dalili shi ne hukumar sadarwa ta Najeriya NCC ta sa kuɗin shigar kiran waje zuwa Najeriya santi 10 na dalar Amurka a kowane minti tun Satumban 2022, to duk wanda ka ga yana sayar maka ƙasa da haka sosai ka tambayi kanka ta ina yake bi. Yawanci ta akwatin da aka cika da simomin gida suke karkatar da kiran ya shiga kamar na cikin gida, shi ya sa murya ke zuwa a makare kana magana tana magana kuna karo da juna, kuma hukumar ta daɗe tana yaƙi da masu yin hakan.

In ni ne kai zan fara da Rebtel saboda abu ɗaya, yana iya haɗa ka ta lambar cikin Ingila, wato wayarka ta kira lambar gida da mintocin layinka su kuma su ƙarasa da shi Najeriya, ba ruwanka da ƙarfin data ko kana cikin mota. Ka kuma leƙa Lebara da Lyca tunda kana Ingila, suna da tsarin kiran ƙasashen waje, wani lokacin sim na biyu kawai ya ishe ka ba sai ka sauke komai ba. Ko wanne ka ɗauka ka fara da kuɗi kaɗan tukuna.

Maman Hafsa:

Slm. Ni ta ɓangaren karatun yara zan yi magana don shi ne sana'ata, ina karantar da yara Alƙur'ani daga nan Kano, ɗalibaina suna Ingila da Amurka da Kanada kuma kusan dukkansu a Skype muka fara. Wallahi ranar da aka sanar a ƙarshen Fabrairun 2025 cewa za a rufe sai da jikina ya yi sanyi, don akwai yaran da tun daga Fatiha har suka kai izu goma a cikinsa muka yi, duk gyaran da nake rubuta musu bayan darasi yana ciki.

Na zagaya dai kafin na zauna. Zoom yana da kyau ƙwarai wajen murya amma na kyauta minti 40 yake yankewa ko ku biyu ne kawai, kuma ka san yadda karatu yake, sai yaro ya gama tilawar baya an zo ƙari ana tsakiyar biya masa aya sai a rufe, kafin a sake shiga hankalinsa ya tafi. In malamin yaranka darasinsa rabin awa ne ga kowane yaro to babu matsala Zoom ya ishe ku. Abin da na fi so a Zoom akwai wajen da ake kunna sauti na asali a cikin saitin murya, an yi shi ne don masu kiɗa amma mu ma yana mana amfani, domin waɗannan manhajojin suna tace hayaniya kuma wani lokacin sai su ɗauki jan madda ko gunna kamar hayaniya ce su rage ta, ko harafin da ke fita daga maƙogwaro ya zo maka a daƙushe ka kasa bambance ha mai kauri da ha mai laushi a bakin yaro. Mai koyar da tajwidi ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne, kana iya barin yaro da kuskure shekara guda ba ka ji ba.

Amma inda na tsaya Google Meet ne. In ku biyu ne, malam da laftof ɗin gidanku, ba ya yankewa a awa ɗaya, sai in an kai mutum uku ne yake tsayawa a minti 60. Yaranka tunda gida ɗaya suke su zauna gaban laftof ɗaya shi ke nan ku biyu ne. Ba sai an sauke komai a laftof ba, malam ya turo linki a danna a shiga ta burauza, kuma linki ɗaya za ku iya ta maimaitawa duk mako. Ina buɗe shafin mushafi a nawa sikirin in nuna musu, ina bi da ɗan kibiyar nan a ƙarƙashin kalma kamar yadda ake bi da tsinke a allo. Teams ma yana yin duk wannan, wasu iyayen shi suka zaɓa don sun saba da shi a wajen aiki kuma ban hana su ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka Abban Sadiq, ka tuna da malamin ta wajen data. Tun da aka yi ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a farkon shekarar 2025 abin ya yi mana nauyi sosai, ga wuta babu sai sola ko a kai caji. Kiran bidiyo na awa ɗaya yana shan data ba kaɗan ba. Ni abin da nake yi in yaro yana tilawar abin da ya riga ya iya sai in kashe kyamarata in bar tasa, in an zo ƙari in kunna don ya ga bakina. Malamai da yawa kunya ba za ta bari su ce a ƙara musu kuɗin data ba, sai dai ka ga suna ta ba da uzurin sabis, to in da hali ka ƙara masa ba sai ya tambaya ba.

Baban Yara Deira:

Ku dai kuna da zaɓi. Mu nan Dubai kiran WhatsApp ba ya tafiya sam, saƙo da murya da aka naɗa suna shiga amma kira a'a, shi kansa Skype ɗin a toshe yake a nan tun da daɗewa shi ya sa rufewar ba ta taɓa mu sosai ba. Botim muke amfani da shi don shi hukuma ta yarda da shi, sai ka sa mutanen gida su ma su sauke. Zoom da Teams suna aiki tun lokacin korona. Na faɗi wannan ne saboda masu zuwa sari, kafin ka taso ka sauke wa iyali Botim ka gwada da su tun kana gida, kar sai ka sauka ka fara neman yadda za ka ce ka iso lafiya. 'Yan'uwanmu da ke Saudiyya kuma yawanci imo na ga suna yi.

Ɗan Maradi:

Salamu alaikum. Ni ina Beljiyam, tsohuwata tana wani gari kusa da Tibiri, matsalarmu guda da kai ɗan'uwa sai dai tawa ta fi tsada, don kiran Nijar daga Turai ya fi na Najeriya kuɗi nesa ba kusa ba, ko lokacin Skype ɗin ma ban iya daɗewa muna magana. Ni shawarata daban ce da ta Ɗan Fagge. Duk waɗannan kamfanonin kati yau suna nan gobe babu, Skype da ya yi kusan shekara 22 yana aiki ma ga shi an rufe, kamfanin da aka saya dala biliyan 8.5 a 2011, to wane ne ba za a iya rufewa ba. Kuɗin da za ka kashe a kati na wata shida ka haɗa ka sai wa Hajiya babbar waya ko ta hannu ce, a ajiye ta wajen wata jika ko matar ɗa da ke cikin gidan kullum, kai kake sa mata forfe, wato data, daga nan duk wata.

Maganar rezo kuma, wato sabis, mu ma haka garinmu yake, kira ba ya riƙewa amma vokal, wato saƙon murya, yana wucewa ko da rezo ɗin sanda ɗaya ne, zai yi ta juyawa har ya tafi. Tsohuwata yanzu ta fi son vokal ma, ta yi magana doguwa ba mai katse ta ba ta tunanin kuɗi na tafiya, ni kuma in na taso aiki da dare in saurara in mayar mata, nawa kuma tana sa a sake kunna mata sau da yawa har maƙwabta su zo su ji. Kuma muryar tana nan ajiye gare ka, wannan kiran kati bai ba ka shi. Rashin uwa akan yi uwar ɗaki, amma ni wannan ta riƙe ni da kyau.

Abban Sadiq:

Na gode ƙwarai jama'a Allah ya saka da alheri. Maman Hafsa wallahi kin tuna min abin da ya kamata, zan yi wa malam magana yau in sha Allah mu gwada Meet ɗin wannan Asabar, maganar data kuma na ɗauka.

Ɗan Maradi shawararka mai kyau ce kuma zan yi ta don yara su riƙa tura mata karatunsu tana ji. Sai dai ba za ta maye min kiran ba. Akwai maganar da uwa ba za ta yi da ɗanta ba in wayar a hannun suruka take ko jika yana tsaye yana jira a ba shi abarsa, ka san halin iyayenmu da kawaici, ko ba ta da lafiya cewa za ta yi lafiya lau in da mutum a wajen. A 'yar wayarta tana ɗakinta ita kaɗai ne nake gane ainihin yadda take, daga yadda take jan numfashi ma ina ganewa. Shi ya sa na nace a kan layi.

Ɗan Fagge tambaya ɗaya, hotuna da saƙonnin da ke cikin tsohon Skype ɗin fa, akwai na marigayi mahaifinmu lokacin da ƙanina ke haɗa mu da shi daga shagon intanet a Kano, ba na so su salwanta.

Ɗan Fagge:

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kar ka yi jinkiri a kan wannan, a 2025 Microsoft sun ce bayanan mutane za su zauna zuwa Janairun 2026 ne sannan a goge na wanda bai taɓa komai ba. Hanya biyu ce kuma ni ina ganin ka yi duka. Ka shiga Teams da asusun Skype ɗin don hirarrakin su koma can, sannan ka je shafin Skype ta burauza ka shiga asusunka ka nemi a fitar maka da bayananka, za ka zaɓi saƙonni da kuma hotuna da fayiloli, ba nan take yake zuwa ba sai ka dawo ka duba ka ga ya shirya sannan ka sauke. Ka ajiye a laftof ka kuma ajiye a wani waje na biyu, filashi ko makamancinsa. Amma ka sani kiran bidiyon da kuka yi kai tsaye ba a naɗe yake ba, abin da aka tura ne kawai za ka samu, hoto ko rubutu ko saƙon murya, na faɗa maka ne tun yanzu don kar ka sa rai da abin da babu.

Kuma dan Allah duk mai karanta wannan ya kula, duk wanda ya turo maka linki wai sabon Skype ko wai a dawo maka da kuɗinka ka sa kalmar sirri, kar ka taɓa. Asusun Skype shi ne asusunka na Microsoft, wanda ya samu wannan ya samu imel ɗinka na Outlook ko Hotmail da duk abin da ke rataye da shi. Wanda kuma yake da lambar Skype ta Amurka ko Ingila da ya ba banki ko wajen aiki, ya je ya canza ta a wajensu tun kafin ranar da za su nemi kiransa a kai su rasa shi.

Akwai wata dabara kuma da ban faɗa ba ɗazu. Sau da yawa kira daga Najeriya zuwa Ingila ya fi arha a kan daga Ingila zuwa Najeriya, kamfanonin layin gida suna da tsarin kiran waje da ake saya daban. Za ka iya tura kati layin Hajiya daga nan, ƙaninka ya sai mata tsarin ya kuma sa lambarka a madanni ɗaya, ta danna 2 ta riƙe kawai sai ya kira ka. Na san za ka ce ɗa ne ke kiran uwa ba uwa ke kiran ɗa ba kuma haka ne, ka ci gaba da kiranka na gaisuwa da duk wanda ka zaɓa cikin waɗancan, wannan na ranar da ita take da buƙatarka ne cikin dare babu kowa kusa.

Maman Hafsa:

Ɗan Fagge tunda kana nan, wata uwar ɗalibata da ta dawo Abuja da zama ta ce da Skype take kiran bankinta na Amurka a lambobin nan masu farawa da 800 kyauta, yanzu ta rasa yadda za ta yi, in ta kira da layin gida a bar ta a kan jira kati ya ƙare ba a ɗauka ba.

Ɗan Fagge:

Eh Malama Skype yana barin kiran waɗannan lambobin kyauta, mutane da yawa don wannan kaɗai suke ajiye da shi. Ta juya bayan katin bankin nata ta duba, yawancin bankunan Amurka suna rubuta lamba ta biyu ta masu kira daga ƙasar waje wadda ba 800 ba ce, ita ta fi saurin shiga daga nan. Ta sayi tsarin kiran waje a layinta kafin ta kira don Amurka tana cikin ƙasashe masu arha, kuma ta daidaita lokaci, ƙarfe 2 na rana a Abuja ƙarfe 9 na safe ne a New York a watannin zafi na can, lokacin layin bai cika ba tukuna. In manhajar bankin tana da wajen tura saƙo ta fara gwada can ma kafin kiran.